Mercedes SL500 mai buɗe rufi a hanyoyinmu: in saya ko in haƙura?

Abban_Walid:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan mota, ba waɗanda suka gan ta a hoto kawai ba. Wani dattijo a unguwarmu nan Abuja zai sayar da Mercedes SL500 ƙirar 2005, mai kujera biyu, wadda rufinta na ƙarfe yake naɗewa ya shige but. Fara ce, kujerun fata jajaye, ta yi mil 70,000 da 'yan kai. Kuɗin da ya sa mata bai kai na Corolla tokumbo mai ɗan kyau ba, kuma wannan arahar ce take faɗar min da gaba. Ina da Camry ta zuwa aiki, wannan ta marmari ce kawai. Shin ana iya zama da ita a ƙasar nan, ko wahala zan saya da kuɗina?

Dan_Kofar_Ruwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, araha ba ta ado. Ni kayan Mercedes nake sayarwa a Kano, bari in gaya maka iyakar abin da na sani. Injin motar nan ba abin tsoro ba ne. M113 ne, silinda 8, lita 5, shi ne a cikin ML500 da S500 da E500 da G500 na wancan zamanin, kayansa suna nan kamar ƙasa. Sai dai fulogi 16 yake ci, biyu a kowace silinda, kar ka yi mamaki ranar canji. Abin da ba za ka samu a kan teburin kowa ba shi ne shokozobanta da famfonsu da kayan rufi. Waɗannan sai an yi maka oda daga Ladipo ko Sharja, ka jira, kuma da dala ake lissafi.

Sarkin_Zolaya:
Kafin a je ga shokozoba, ka tanadi huluna dozin biyu. Ranar da ka buɗe rufi a titin filin jirgi ka taka totur, zanna bukar ɗinka sai dai 'yan Lugbe su tsince ta.

Injiniya_Bashir:
Malam Abban Walid, motar nan ita ce ake kira R230, an ƙera ta a Bremen daga 2001 zuwa 2011. Sabuwarta a Amurka ta haura dala 85,000 a lokacin. Ka riƙe wannan adadin a ranka, domin farashin mota yana faɗuwa amma farashin kayanta ba ya bin sa ƙasa. Abubuwa uku ne za su yanke maka hukunci.

Na farko ABC. Motar ba ta da shokozoba irin na Camry ɗinka. Famfo ne yake tura mai da matsi mai ƙarfi, kusan bar 200 a ma'aunin matsi, zuwa ƙafafu huɗu, kwamfuta tana daidaita su kowane lokaci, shi ya sa in ka sha kwana da gudu ba ta kwanciya gefe. Daɗin tuƙinta daga nan yake, ciwon kanta ma daga nan yake. Tiyo ya tsufa ya fashe, mai ya tsiyaye, famfo ya yi aiki a bushe ya ƙone, mota ta durƙusa a kan tayoyinta.

Na biyu birkin SBC. Ƙafarka ba ita take matse birki kai tsaye ba, saƙo take aika wa kwamfuta, famfon lantarki ya yi aikin. Famfon yana da adadin takun da aka ƙayyade masa, in ya cika sai gargaɗi ya fito. Kamfanin da kansa ya janye motoci masu wannan birki a 2004 da 2005 don gyara, kuma ya cire shi daga E-Class a 2006, amma SL ta ci gaba da shi.

Na uku rufin. Silinda 11 ne na mai suke naɗe shi cikin daƙiƙa 16. Robobin cikinsu sun kai shekara 20 yanzu. In ɗaya ta fara yoyo, sauran suna kan hanya.

Ban ce kar ka saya ba. Cewa na yi kar ka biya ko kwabo sai an sa mata kwamfutar Mercedes ta ainihi, ba ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya ba.

Maman_Ilham:
Ni tambayata ɗaya ce yallaɓai. Kujera biyu ka ce? To Walid ɗin a ina zai zauna, ko a but tare da rufin? Kuma uwargida ta san da wannan shawarar?

Abban_Walid:
Hajiya Maman Ilham, ta sani. Cewa ta yi in dai Camry tana nan, kuma kuɗin makarantar yara bai taɓu ba, ba ruwanta. Injiniya na gode ƙwarai, ban taɓa jin labarin birkin nan ba sam.

Garba_Hamburg:
Ina da irinta a nan Jamus, SL350 ce tawa, ta 2007. Abin da nake so a gane shi ne, ba don tsere aka yi motar nan ba. Nauyinta ya haura kilo 1,800. An yi ta ne don mutum ya tashi da safe daga kudancin Jamus da matarsa da jaka biyu, ya yi kilomita 800 a yini, ya sauka bakin tekun Faransa bayansa bai ƙage ba. A Autobahn, inda babu iyakar gudu, tana tafiya 200 kana hira da na gefenka ba ka ɗaga murya ba, in rufi yana rufe. An kulle ta a 250.

Amma ku ji yadda Jamusawa suke riƙe ta. Da yawansu lambar kaka suke sa mata, za ka ga 04 da 10 a gefen lambar, wato daga Afrilu zuwa Oktoba kaɗai aka yarda ta hau titi. Sauran watannin tana gareji a lulluɓe, batir a jone da caja. Duk shekara 2 sai ta je gwajin lafiya, in an ga ɗigon mai a ƙarƙashinta ba za ta wuce ba. Da wannan kulawar ne take kai shekara 20 garau. Wadda ta yi shekaru a gida ana zuba mata abin da aka samu, wannan wani labarin ne.

Wani abu kuma, SL350 galibi da sifirin na ƙarfe take zuwa, babu ABC sai wanda ya biya ƙari. Sai dai ba a sayar da ita a Amurka ba, shi ya sa ba ta da yawa a gida.

Lexus_Kawai:
Duk wannan dogon bayani na me? Ka nemi Lexus SC430 ka huta. Ita ma rufin ƙarfe ne mai naɗewa, silinda 8, lita 4.3, injin LS430 ne a ciki. Toyota ce da babbar riga. Kowane bakanike a Apo zai iya taɓa ta.

Injiniya_Bashir:
Gaskiya ne ta fi sauƙin riƙo, ba na musu. Amma ka faɗa masa cewa injinta da bel yake aiki ba sarƙa ba, in bel ɗin ya tsinke yana tafiya sai an sauke inji. Kuma tuƙin ba ɗaya ba ne. SC430 tana da laushi, sitiyarinta ba ya gaya maka abin da taya take takawa. Wanda ya ɗanɗana SL mai lafiyayyen ABC ba zai ce ɗaya suke ba.

Lexus_Kawai:
"Mai lafiyayyen ABC." A nan gizo yake saƙar, Injiniya. Nawa ne masu lafiyar a duk faɗin Abuja?

Hajiya_Zee_Kaduna:
Ni SC430 ɗin nake hawa, ta 2006, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Kujerun baya kam na ado ne, jakata da takalmin canji suke zama a wurin, ko yaro ɗan shekara biyar ba zai ji daɗin zama ba.

Amma tunda kowa yana maganar inji, bari in yi maganar rayuwa da ita, don ita aka tambaya. A shekara guda, lokacin da za ka buɗe rufi da jin daɗi kaɗan ne. Daga Maris zuwa Mayu, in ka buɗe da rana kujerar fata sai ta ƙona ka ta cikin tufafi, ƙarfen bel kuwa ba ya taɓuwa. Da hunturu ƙura ce, ka dawo gida girarka fari fat, ƙura ta shiga kowane maɓalli da kowane ramin AC. Lokacinta shi ne damina, bayan an ɗauke ruwa da yamma, ƙasa ta kwanta, sai kuma Oktoba zuwa farkon Nuwamba kafin hazo ya sauko. A irin wannan yammacin, daga la'asar sakaliya zuwa isha, wallahi babu motar da ta kai ta. Kana jin ƙamshin ƙasa, kana jin kiran salla daga masallatai uku a lokaci guda.

Mu mata kuma sai an ɗaure ɗankwali tamau an soke mayafi da fil. In ka ɗaga gilasan gefe ka tayar da ragar nan ta bayan kujera, iskar tana raguwa sosai.

Sarkin_Zolaya:
Hajiya, wato mota ce ta wata uku a shekara, awa biyu a yini. In aka raba kuɗinta da awannin, ai gara hayar jirgi.

Hajiya_Zee_Kaduna:
Sauran lokacin ai ba ajiye ta nake ba, Sarki. Rufin ƙarfe ne, in ya rufe mota ce kamar kowace, da AC ɗinta. Amfaninsa ke nan a kan na yadi.

Musa_Leicester:
Na goyi bayan Hajiya a kan wannan. Mu nan Ingila duk da ruwan da ba ya ƙarewa, mutane suna son buɗaɗɗiyar mota, rana tana leƙowa za ka ga an zuge rufi ko da ana sanyi. Yawanci na yadi ne, Jaguar XK, BMW 6, Aston Martin DB9 Volante, Bentley GTC. A nan yadin yana jurewa. A gida kuwa rana tana cinye shi, gam ɗin da ya riƙe gilashin baya yana saki, kuma duk ɗan iskan da yake da reza ya zama mai makulli. Tsohuwar Jaguar XK8 ma an san ta da abu guda: tiyon man da yake kulle rufin ta saman gilashin gaba yake bi, in ya tsufa ya fashe sai koren mai ya zubo wa direba a ka. Ka yi tunanin wannan da farar shadda ranar Juma'a.

Kuma kar wani ya ga arahar motocin Ingila ya yi kwaɗayi. Sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama, ba a yarda da irinsu ba. Mayar da sitiyarin mota mai wayoyi irin wannan ba aikin da zan yarda da shi ba ne. Ga gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarƙashin mota.

Malam_Sani_Tudun_Wada:
Jama'a ku yi haƙuri da ni. A wannan hali da ake ciki, mutane suna neman abin da za su ci, mutum ya sayi mota don shan iska kawai? Ina ganin akwai almubazzaranci a ciki. Kuɗin gyare-gyaren da Injiniya ya lissafa zai riƙe marayu nawa?

Abu_Ammar:
Malam Sani, nasiha ce mai kyau, Allah ya saka. Amma mutum in halal ɗinsa ne, ya fitar da zakka, ya sauke haƙƙin iyali da dangi, ba a hana shi abin hawa mai daɗi ba, har ya zo a hadisi cikin abubuwan jin daɗin duniya tare da mace tagari da gida mai yalwa da maƙwabci nagari. Abin gudu shi ne girman kai, da cin bashi don a burge mutane. Shi kuma ya san zuciyarsa.

Malam_Sani_Tudun_Wada:
Haka ne. Na dai faɗi abin da ke raina.

Dan_Kano_Dabo:
Ni ba ta fuskar addini zan zo ba, ta fuskar danja zan zo. Ka tsaya a danja a Kano da rufi a buɗe, waya a gefen giya, ka ga abin da zai faru kafin kore ta kama. Ko ba ɓarawo ba, masu talla da mabarata da masu goge gilashi duk a kanka za su ƙare, babu gilashin da za ka ɗaga. Ga hayaƙin adaidaita a hancinka. Sannan duk shingen da ka zo sai an ce ka faka, in kai matashi ne tambayar farko ita ce wace sana'a kake yi. Abuja da sauƙi, amma a nan mutum ya buɗe rufi a Kantin Kwari ai neman magana ne.

Abban_Walid:
Na haura arba'in Dan Kano, furfura za ta cece ni a shinge. Jiya na koma na ga motar da idon da Injiniya ya ba ni. Ta tashi bugu ɗaya, inji shiru. Rufin ya buɗe ya rufe, sai dai ya ɗan tsaya a tsakiya kamar mai tunani kafin ya ƙarasa. Na lura ɓangaren baya na hagu ya fi sauran ƙasa kafin a tayar da ita, da aka kunna sai ya miƙe. Wani rubutu kuma ya fito a allo cewa wasu abubuwan lantarki ba za su yi aiki ba na ɗan lokaci. Dattijon ya ce tana wata biyu ba a tayar ba.

Injiniya_Bashir:
To ga fassarar abin da ka gani. Rubutun batir ne. Motar batir biyu gare ta, ƙarami a gaba na tayar da inji, babba a but na sauran kayan lantarki. In na but ya yi sanyi sai ta kashe abubuwan da ba dole ba har ya cika. Wannan mai sauƙi ne. Zaman da ta yi a gefe ɗaya, in a wata biyu ne, ana iya haƙuri da shi, robobin bawul ne suka fara saki. In a dare ɗaya take yi, magana ta canza. Ka roƙi dattijon a tayar da ita yau, ka dawo gobe da sassafe ka duba.

Tsayawar rufin ita ta fi damuna. Ka cire shimfiɗar but ka duba man famfon rufin, ka shafa yadin saman gilashin gaba ko da danshin mai. Kana can kuma ka sa hannu har ƙasan but. Motocin nan an san su da shigar ruwa ta robar gilashin baya, ruwan ya taru a inda famfon iska na makullan ƙofa yake, ya kashe shi. In ka ji warin danshi ko ka ga tsatsa, ka rage kuɗi sosai.

Sai ka zaro sandar man ABC. Kore ne asalinsa. In ka gan shi baƙi, an daɗe ba a canza ba. In ka gan shi ja, ka yi sallama ka tafi.

Dan_Kofar_Ruwa:
Wannan jan man shi ne ya kashe rabin waɗanda na sani. Bakanike ya ga tulu kusa da na sitiyari, ya ɗauko man giya ya ɗura. Pentosin CHF 11S ake zuba mata, ba wani ba. Wani abokin cinikina haka aka yi masa a wani gareji, cikin 'yan makonni duk robobin suka kumbura, sai da ya canza famfo da bawul gaba da baya.

Usta_Panteka:
A yi mana adalci mu ma bakanike. Ba kowa ne jahili ba. E-Class ta 2003 zuwa 2006 tana da wannan birkin, mun gyara su ba adadi. Abin da na sani shi ne ba a taɓa birkin sai an kashe SBC tukuna, don ko ƙofa aka buɗe famfon yana iya tashi ya matse, in yatsan yaro yana ciki shi ke nan. Matsalar masu motar ce, a gaya wa mutum kuɗin kaya na asali ya ce a nemo na Baljiyam, a sa masa wanda ya riga ya gaji, bayan wata biyu ya dawo yana zagi.

Masu gajiya da ABC kuma muna cire musu shi gaba ɗaya mu sa shokozoba da sifirin. Ana sayar da saitin.

Garba_Hamburg:
Usta, in kun cire kuna sa mata sandar hana kwanciya? Don mai ABC ba ta zuwa da ita, mai ne yake yin aikin. In ba a sa ba, a kwana za ta riƙa tangaɗi.

Usta_Panteka:
Wanda ya biya muna sa masa. Da yawa ba sa biya.

Injiniya_Bashir:
Ni in za a cire ABC, gara a bi shawarar Lexus_Kawai tun farko. Kuma akwai amfaninsa guda da ya dace da mu: maɓallin ɗaga mota mataki biyu. Da irin tudun rage gudun da ake ginawa a unguwanni kamar katanga, da gangaren ƙofar gida, wannan maɓallin shi zai ceci bambar gabanka.

Issoufou_Niamey:
Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Nan Yamai akwai ɗaiɗaiku, galibi ta Kwatano suka shigo. Abin da na gani shi ne, mai irinta ba ya fita daga kwalta. Unguwanninmu da yawa rairayi ne, ita kuma tayoyin baya ne suke jan ta, ga ta ƙasa-ƙasa, ga faɗin taya, tana shiga ta zauna. Akwai wani maƙwabcina da ke da BMW mai rufin yadi, aikinta ɗaukar ango da amarya, daga nan take ciyar da kanta.

Sarkin_Zolaya:
To ga sana'a, Abban Walid. Asabar da Lahadi haya, Litinin gareji.

Abban_Walid:
Allah ya kiyaye in ba 'yan rakiyar ango motata su yi wasan ƙure da ita. Maganar mai fa? Na ga an rubuta 91 a murfin tanki, an ce kuma namu ma 91 ne, ke nan babu matsala?

Aminu_Houston:
A'a yaya, ma'aunin ba ɗaya ba ne. Lambar da muke gani a famfo nan Amurka daban ake lissafa ta, 91 ɗinmu ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin Turai, wanda shi ake bi a gida. Injin yana da na'urar da take jin ƙwanƙwasa ta ja wuta baya, saboda haka zai yi tafiya, sai dai ƙarfi ya ɗan ragu. SL500 tana haƙuri da wannan. SL55 mai cusa iska, wadda ta kai doki 500, ita ce ba zan ba ta kowane mai ba a zafin Afrilu. Ka riƙe gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ka guji 'yan bumburutu.

Tunda daga nan ta tafi, ka ɗauki lambar jikinta mai harafi 17 ka bincika a Carfax, shafin da ke nuna tarihin mota. Motoci da yawa da ake turawa gida daga gwanjon inshora suke, wasu haɗari, wasu ambaliya. Mai haɗari ana gyarawa. Wadda ta sha ruwa, mai kwamfutoci birjik irin wannan, ba ta warkewa.

Dan_Kano_Dabo:
Ba a faɗi shan man ba. Tankin lita 80 ne. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san abin da cika shi yake nufi.

Alhaji_Tanko_Jos:
Ni na riƙe SL500 ta 2004 shekaru, sai bara na ba ɗana. A cikin gari da AC, lita ɗaya ba ta wuce kilomita 5 zuwa 6. A doguwar hanya in ka tafi a hankali tana ba ka 9 ko 10. Ba ta fi manyan jif ɗin da kuke hawa sha ba, kuma ban ji ana yi musu wa'azi ba.

Ku yara kun cika tsoro. Sayen doki ba shi ne wuya ba, dawa da ciyawa da mai kula da shi ne, kuma wanda ya san haka tun farko ba ya kuka. Ni duk shekara nakan ware mata kuɗi ko ta lalace ko ba ta lalace ba. Man ABC da matatarsa ina canzawa a kan kari, ƙwallayen iskar da ke rage masa bugu na canza su kafin su mutu. Robobin rufi ina shafa musu man silikon, ban da basilin, ban da man birki da yaran wanki suke shafawa don sheƙi. Ba na bari a harba mata ruwan inji a kan robobin. Kowane mako sai na tayar da ita na zaga, na buɗe rufi na rufe, domin zama shi yake kashe ta, ga ɓeraye da son wayoyin Jamus.

Abin da na samu kuwa, ku zo Jos ku gani. Muna sama da mita 1,200, iskarmu daban ce, nan ana buɗe rufi kusan duk shekara. Ka taso daga Akwanga da safe, ka hau Hawan Kibo da rufi a buɗe, duwatsu a gefenka, sanyi yana ƙaruwa kana hawa, injin yana gurnani a hankali ba ya ko haki. Sai dai a kula da tireloli a gangaren nan, da ramuka, don taya mai siririn gefe ba ta yafiya. Na fasa rim a hanyar nan.

Maman_Ilham:
Baba Alhaji, da wannan zamani na masu garkuwa, mutum ya bi hanyar daji a buɗaɗɗiyar mota fara? Ai tun daga nesa an san mai kuɗi ne tafe.

Alhaji_Tanko_Jos:
'Yata, gaskiyarki. Shekarun baya ne nake ba da labari. Yanzu ni ma in zan yi nisa tsohuwar Golf nake shiga, kuma ba na tafiyar dare. Abin takaicin ke nan, motar doguwar tafiya ce, doguwar tafiyar ce ta gagare mu. Ɗan nawa ma iyakarsa Rayfield da cikin gari.

Bentley_Boy:
Ku bar wahalar da kanku da tsofaffin Mercedes. Continental GTC ita ce mota. Injin W12 mai silinda 12, lita 6, doki 552, ƙafa huɗu duka suna ja.

Usta_Panteka:
Kana da ita ne ko a waya ka gani? Ta kusa tan biyu da rabi, kuma injin ya cika gaban motar taf, ayyuka da yawa sai an sauke shi gaba ɗaya kafin hannu ya kai. Ƙaramin tiyon iska ya tsage a bayansa, kuɗin aikin ya ninka kuɗin kayan sau ba adadi.

Bentley_Boy:
Ta yayan abokina ce.

Hajiya_Zee_Kaduna:
Abban Walid, wani abu da ba a faɗa ba. Ka gwada but ɗin da rufin a ciki. In ya naɗe yana cinye wuri, kuma akwai labulen da dole ka ja a kan kaya, in bai zauna daidai ba rufin ba zai motsa ba. Sau da yawa mutum ya ɗauka lalacewa ta yi, ashe jaka ce ta tokare labulen. Buhun shinkafa kam ka manta da shi.

Abban_Walid:
Na koma da sassafe kamar yadda Injiniya ya ce. Ba ta zauna ba a dare ɗaya, alhamdu lillahi. Man ABC ba ja ba ne, amma ya yi duhu. Ƙasan but a bushe yake, sai dai na ga danshin mai a gefen hagu kusa da maƙalar murfin. Dattijon ya yarda a kai ta a sa kwamfuta ranar Asabar, ya ce duk abin da aka gani a cire a kuɗin. Har yanzu zuciyata biyu. Uwargida kuma da ta ga hoton ta ce in an saya ita za ta fara tuƙawa.

Lexus_Kawai:
Danshin mai tun kafin a biya. Na dai faɗa.

Dan_Kofar_Ruwa:
Silindar murfin but ce wannan, ana canza mata roba ba sai an sayi sabuwa ba. Amma in za a buɗe, a yi duka lokaci guda.

Dan_Kano_Dabo:
In ka fasa ka turo min lambar dattijon.

Sarkin_Zolaya:
Kai da ka ce danja? Ashe kushe kaya kake don a bar maka.

Admin_Gidan_Mota:
A tuna doka, ba a sa lambar waya ko adireshin kowa a zaure. Mai so ya bi ta akwatin sirri.

Injiniya_Bashir:
Ranar Asabar ka ce su karanta maka adadin takun birkin SBC, su kuma gwada matsin famfon ABC da injin yana aiki. Ka duba tayoyi ma. In rim 18 ne, na gaba 255/40, na baya 285/35, ba a musanya su. A gefen kowace akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Motar da ba a hawa sosai takan zo da taya mai zane cikakke amma ta shekara goma, ka sa kuɗin guda huɗu a lissafinka.